Wayar da Surukina Ya Aiko

Ni maɗinkin hannu ne. Aikin wuyan babbar riga na gada wurin mahaifina, a zauren gidanmu da ke unguwar Kusfa, kuma da shi na ci, na sha, na aurar da 'ya'ya. Duk abin da na taɓa mallaka yatsu biyu ne suka kawo shi, babban yatsa da manuniya na hannun dama, masu riƙe allura. Na lallaɓa su fiye da yadda na lallaɓa iyalina. Ban taɓa faskare ba, ba na fiɗar ragon Layya da kaina, ko rake sai an fere mini. Maiɗakina takan ce da ana yi wa yatsu turare a gidan nan, da nawa za a fara. Ina jin ta ba na tankawa, don ita ma da su take cin tuwo.

Mijin 'yata ta fari ne ya aiko mini da wayar. Yaron kirki ne, ɗan unguwar Gyallesu, yana aikin ofis a Abuja. Na ce ya aiko ko da yake da ƙafarsa ya zo, domin a wurinmu suruki ba ya miƙa wa uban matarsa abu hannu da hannu. Ranar da ya zo gaisuwar Sallah, tun daga waje ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Muka taɓa maganar damina, ya ce zai koma. Shekara shida ke nan da auren, amma in aka tara duk maganar da muka taɓa yi da shi, ba za ta raka mutum daga zaure zuwa masallaci ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda ban taɓa kiran na matarsa ba tunda 'yar fari ce. Sai bayan ya tafi maiɗakina ta fito da wani farin kwali ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Malam, ga shi in ji yaron nan. Wai ka huta da waccan mai madannai."

Waccan mai madannai ba ta taɓa gajiyar da ni ba. Caji ɗaya take kwana huɗu, ta faɗa kwata sau biyu ta fito da ranta, kuma ko a kan dakali na manta ta nan zan dawo in same ta, don ɓarawo ma ya raina ta. Sabuwar kuwa a bayanta akwai tambarin kamfanin nan da kowa ya san na masu hali ne. A da manyan wayoyi kaɗai suke yi, irin na 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa. Daga baya suka fito da wata mai sauƙin kuɗi, don irin surukina su ma su samu ta saya wa iyaye. Bambancinta da manyan, yadda aka nuna mini, idon kamara ne, su uku gare su ita ɗaya. Tambarin dai ɗaya ne sak, yana ƙyalli a tsakiyar baya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi ƙwarai. Ranar nan ko zare ban zura ba, sai juya ta nake yi a hannu.

Abokin aikina ne ya fara ɓata mini rai. Tare muke zaman zauren tun muna samari, shi yake zana wuyan riga a kan shadda ni in bi da allura. Irin mutanen nan ne da in ka nuna musu sabon gida sai su fara neman inda zai yi yoyo. Ya karɓi wayar, ya juya bayanta, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini da yatsu biyu.

Ya ce, "Kamfanin nan bai kyauta ba."

Na ce, "Don ya tuna da talaka?"

Nan fa na hau shi da bayani. Na ce ai ni ma abin da nake yi ke nan. Mai hali ya kawo shadda mai tsada in yi masa wuya mai zanen aska takwas, babban aikin da nakan yi wata uku a kansa. Manomi ya shigo daga ƙauye da yadi mai araha in yi masa aska biyu 'yar daidai, kuma hannun da ya yi waccan shi ya yi wannan. Ranar Idi su tsaya sahu ɗaya kowa da kwalliyarsa. Ina laifi a nan? Ko shi talaka ba ya son abu mai kyau?

Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Malam, ka taɓa jin an tare mutum da wuƙa an ce ya tuɓe aska biyu? Mai babbar wayar nan a mota yake amsa ta, gilashi a rufe, direba a gaba, maigadi a ƙofa. Kai an sayar maka da tambarin, ba a haɗo maka da motar ba. Da ƙafa za ka ratsa lungu da ita. Da sun bar kayansu can sama wurin masu shi, su bar mu da tarkacenmu, da kowa ya san inda ya tsaya, har ɓarawon."

Na ce masa hassada ce kawai ke cin sa. Ya yi 'yar dariya ya ci gaba da zanensa.

A lokacin ƙwacen waya ya fara shigo mana cikin ganuwa. A da labarinsa muke ji daga wasu garuruwa, muna cewa Allah ya kyauta. Sai aka ce an sari wani malamin makaranta a kafaɗa wajen Ƙofar Gayan, da rana tsaka. Ba a rufe mako ba aka ce wata mai sayar da atamfa ta rasa yatsa. Labarin kullum iri ɗaya ne: mutum biyu a kan babur, na baya da wuƙa a hannun riga, kuma hannun da ke riƙe da wayar suke nema. Gari ya canza ba tare da kowa ya ce ya canza ba. A majalisarmu ta bayan La'asar a da kowa kan tabarma yake ajiye wayarsa, yanzu sai ka ga kowa ya dafe aljihu. Babur ya taho daga baya, hira ta tsaya har sai ya wuce. Kuma a duk majalisar babu wanda ya kai ni wa'azi. Kullum ina cewa in sun zo a sakar musu, waya ce ba rai ba ce, wanda ya yi kokawa da su shi ya so wa kansa.

Duk da haka maganar abokina ta zauna mini a ciki. Na samu ƙyallen baƙar shadda na ɗinka wa wayar 'yar jaka mai zariya, na rufe tambarin ruf. Kwana biyu na samu barci mai daɗi. Ranar Juma'a sai ga kawun surukina, dattijo mai yawan fara'a da yake biyowa ta ƙofarmu in ya taso masallaci. Muka gaisa, idonsa ya sauka kan jakar.

Ya ce, "Af, Malam, abin da yaro ya kawo ne aka naɗe haka? Ko dai bai yi ba ne? In bai yi ba a faɗa mana, kada a ji nauyi."

Na rantse masa ya yi, har ya yi yawa. Ya tafi yana murmushi, amma na san maganar nan kafin Magariba ta isa Gyallesu. Maiɗakina da ta ji ta daga tsakar gida ba ta bari na sha ruwa ba. Ta ce kyautar suruki ba a ɓoye ta, ɓoyewa raini ne, kuma ba ni za a yi wa gori ba, 'yarmu za a yi wa a gidan mutane. Gaskiya ta faɗa, na sani. Na cire jakar na jefa cikin kwandon ƙyallaye.

Sai na ce bari in aika da saƙo ta hanyar da aka saba. Na ce wa maiɗakina ta gaya wa 'yarta ta gaya wa mijinta cewa na gode, amma gari ba lafiya, ina tsoron yawo da wayar, a bar ni in koma wa tsohuwata. Wannan hanya tamu kuwa kowace tasha sai an rage wa magana kaifi. Uwa ta ji kunyar cewa ina so in ajiye kyauta, sai ta ce ina tsoron wani abu ya sami wayar. 'Ya ta ji kunyar mijinta, sai ta ce ina tsoron kada ta faɗi ta fashe. Bayan kwana goma direban mota ya kawo mini ƙunshi daga Abuja. Rigar waya ce ta roba, garau kamar ruwa, tambarin na leƙowa ta ciki fiye da da. Abokina ya yi dariya har da tari, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Na gwada barin ta a gida in zan fita. Rana ɗaya 'yata ta kira sau bakwai ba a ɗauka ba, ta ɗauka ciwo ya kayar da ni, ta kira uwarta tana kuka. Daga ranar wayar ta koma aljihun gabana.

A makon ne na fara lura da su. Samari biyu a kan babur, a gindin darbejiyar da ke bakin lungunmu, ba sa ɗaukar fasinja, ba sa jiran kowa. Na gan su ranar Litinin, na gan su Talata. Ranar Laraba na bayan ya ce mini, "Sannu Baba," da ladabi sosai, amma ba fuskata yake kallo ba, aljihuna yake kallo. Na shiga zaure na zauna, na ɗauki allura na kasa zura zare sau uku. A lokacin ina tsakiyar wata aska takwas ta wani Alhaji, farar shadda da zaren siliki, na ci fiye da rabinta, kuma ina ji a raina ban taɓa yin aikin da ya kai ta ba. Na dubi yatsuna na ce musu babu komai, in ta kama za mu saki.

Ranar Alhamis na je ta'aziyya wajen Ƙofar Gayan. Aka yi Azahar can, aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya tsagaita na kamo hanya. Na bi ta lungu don in yanke. Babu kowa a waje, sai ruwa na zuba daga indararo, sai awaki sun raɓe jikin katanga. Ina tsakiyar lungun wayar ta yi ƙara.

Na ciro ta kaɗan na duba. Surukina ne da kansa. Tunda aka ɗaura auren bai taɓa kirana ba, sai dai matarsa ta kira ta ce yana gaisuwa. Na waiga ina neman zauren da zan faɗa in amsa. Da a cikin garin nan kowane zaure a buɗe yake, baƙo ya shiga ya fake, amma yanzu duk an sa ƙofofin ƙarfe, kuma duk a rufe suke. Wayar na ta ƙara. Yaro ya tattara ƙarfin halinsa na shekara shida ya kira uban matarsa, in bar ta ta katse? Na ɗauka na kara a kunne, yatsuna sun rufe kamarar, tambarin yana waje.

"Salamu alaikum Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya muka ji da ruwa?"

Ina amsawa na ji ƙarar babur daga bakin lungu, a hankali, ba irin ta mai sauri ba. Abin da ya kamata in ce guda ɗaya ne, kashe zan kira ka. Amma ban taɓa ba yaron nan umarni ba a rayuwata, kuma ba a katse suruki yana tsakiyar gaisuwa. Na matsa jikin katanga don in ba su hanya. Yana tambayata ko rigar robar ta zauna daidai, ina cewa ta zauna, sai na ji an cafki wuyan hannuna.

Ni mai wa'azin saki, ban saki ba. Wallahi da tsohuwata ce mai madannai, ko da gumina na sayi wannan, da tuni na buɗe hannu. Abin da ya faɗo mini a rai ba mutuwa ba ce, ba zafi ba ne. Cewa na yi, me zan gaya wa yaron nan? Da wane baki za a ce masa kyautarsa ta tafi? Sai yatsuna suka ƙara damƙewa, da duk ƙarfin da allura ta koya musu.

"Saki, tsoho!" in ji na bayan, wanda ya ce mini sannu Baba jiya.

Ban ga wuƙar ba. Sanyi kawai na ji ya ratsa tsakanin babban yatsa da manuniya, hannun ya buɗe da kansa. Ya juya wayar ya dubi bayanta, ya ja tsaki.

Ya ce wa na gaban, "Kai, ashe ƙaramar ce ma."

Suka tafi da ita duk da haka. Na zauna cikin taɓo ina kallon hannuna, jini na bin hannun rigata, ina ƙoƙarin haɗa yatsun biyu suna ƙi.

A asibiti likita ya ɗinke wurin. Da aka kwance naɗin hannun na dubi ɗinkinsa, na ce a raina da a zaurena aka yi wannan da na sa an warware. Ya ce jijiyoyin yatsun ne suka yanke, za su motsa, amma riƙon allura sai abin da Allah ya yi. Na yi kuka a ranar, ban ɓoye wa kowa ba. Alhaji mai riga ya zo dubiya, ya yi mini addu'a, bayan wata ɗaya ya aiko a karɓi rigarsa. Na ji an kai ta wurin masu inji sun ƙarasa. Abokina bai taɓa cewa ai na faɗa maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Abin da ya yi shi ne, wata safiya ya zura zare a allura, ya sa mini a hannun hagu, ya shimfiɗa mini wani tsohon ƙyalle a gwiwa. Ya ce in fara, ai dama can ba wani iya ɗinki na yi ba.

'Yata ta zo ta kwana biyu. Ita ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya mini, cewa layin bai katse ba a lokacin. Mijinta ya ji komai. Ya ji saki tsoho, ya ji ihuna, ya ji tsakin, ya ji abin da aka faɗa bayan tsakin. Wai tun ranar ba ya cin abincin kirki. Na tausaya masa har cikin raina, kuma na ɗan ji sanyi, na ce to yanzu dai ya gane. Don kada a sake samun kuskure na kira maiɗakina na ce mata, da babbar murya, ta ce kada ya sake saya mini waya, kowace iri, na haɗa shi da Allah. Ta ce to. Ina kallonta tana tafiya na san tun kafin ta kai ɗaki maganar ta fara laushi.

Sai na yanke shawarar in ya zo zan gaya masa da bakina, kunya ta yi haƙuri. Na shirya maganar tsaf. Har gwaji na yi a gaban abokina, shi ya zama surukin, ya durƙusa bakin ƙofa yana sunkuyar da kai yana ce mini Baba, har na kusa jifansa da almakashi.

Ranar wata Juma'a suka zo shi da kawunsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tuɓe takalmi a waje, ya durƙusa inda ya saba, sai dai wannan karon bai tsaya kan damina ba. Ya ce, "Baba, a yafe mini. Laifina ne. Ban kyauta ba da na kawo abin da bai kai girmanku ba, har wani banza ya buɗe baki ya raina shi a hannunku."

Kafin in gane inda ya dosa, kawun ya zaro kwali daga cikin babbar rigarsa ya ajiye a kan tabarmata. Fari ne kamar na farko, ya fi shi girma. A jikin hoton idon kamara uku ne.

Kawun ya ce, "Wannan babbar ce, Malam, ta gidan gaba ɗaya. Babu wanda zai sake cewa ƙarama ce."

Na buɗe baki. Maganar da na shirya tana nan a kan harshena, kalma bayan kalma. Na dubi yaron, a karo na farko na dube shi sosai, na ga hawaye na ɗiga a kan tabarma tsakanin hannayensa. In na mayar da kwalin nan a gaban kawunsa, na ce ban yafe ba ke nan, kuma 'yata ce za ta kwana da abin a gidansu har ƙarshen zamanta. Abokina yana gefe ya ƙura wa zanensa ido.

Na ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ba ku masu yi muku."

Suka ce amin, suka tafi da farin ciki.

Da suka fita abokina ya ɗauki kwalin ya juya shi, ya ajiye a hankali. Ya ce aƙalla wannan karon ba za su yi tsaki ba. Babu wanda ya yi dariya a cikinmu.

Yanzu wata huɗu ke nan. Kawun yana biyowa duk Juma'a, 'yata tana kira kullum, shi ma surukin ya samu ƙarfin gwiwa, yakan kira jefi-jefi a lokacin da ba na zato. Gindin darbejiyar nan wani lokaci babu kowa, wani lokaci akwai babur, ban san ko su ne ba, don na daina ɗaga kai. Hannun hagu ya fara kama allura. Shekaranjiya na yi layi ɗaya da abokina ya duba bai ce a warware ba, kuma ina sa rai kafin Sallah in iya yi wa wani manomi aska biyu. Da wannan hannun nake riƙe wayar, tunda na dama ba ya damƙa. Kullum da safe kafin in fita ina gaya masa in sun zo ya saki. Haka na riƙa gaya wa na dama.